Kwalbar bakteriya ta sabon tankin kifi: na gwada, ga abin da na gani

Kifi 14 na saya rana ɗaya, cikin kwana 8 saura 3. Daga nan labarina da kwalbar bakteriya ya fara, shi ya sa duk wanda ya shigo falona ya ga tankin gilashin nan yana sheƙi ya ce shi ma zai haɗa wa yaransa, nakan ce masa zauna tukuna mu yi magana. Toh yau dai na ce bari in rubuta gaba ɗaya, abin da na saya, wanda ya yi aiki, wanda bai yi ba, da abin da nake ganin ya jawo.

Watan Maris ne, kun dai san yadda Kano take a Maris, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Na shiga wani shago na sayi tanki mai cin lita 80, da filta irin na soso, da famfon iska, da tsakuwa, da fitila, sannan na zaɓi kifaye, ƙananan kifin ado da ake kira gufi da moli da wasu jajaye guda 2. Zan fita sai mai shagon ya miƙo min wata kwalba daga kan kanta ya ce "Alhaji haɗa da wannan, ka zuba rabi yanzu rabi gobe, yau ɗin nan ka saki kifinka ba abin da zai same su." Na ce "Malam ba sai ruwan ya ɗan kwana biyu ba?" ya ce ai aikin kwalbar kenan, ita ke tsufar da ruwa. Ba zan kama sunan shagon ba ko na kwalbar, don ban yi zaton da gangan ya yi ba, shi ma abin da aka faɗa masa ne ya faɗa min. Amma yanzu idan na tuna inda kwalbar take ajiye, jikin gilashin taga ce rana na dukanta tun hantsi har la'asar, ta yi ƙura, rubutun jikinta ya koɗe, kuma ba kwanan wata ko ɗaya a jiki, sai in ji abin ya dame ni.

Kwana biyun farko lafiya lau. Rana ta 3 ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, rana ta 4 ya washe tas, na ce alhamdulillahi kwalba ta yi aiki. Ashe a lokacin ne abin ya fara. Kifayen suka daina cin abinci, suka taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, fuka-fukansu a manne da jiki, wasu su kwanta a ƙasa kan tsakuwa. 'Yata ƙarama kullum da asuba kafin ta sa kayan makaranta sai ta je ta ƙirga, ta zo ta ce "Abba mai jan wutsiyar nan ba ya motsi." Wallahi wannan maganar ta fi kuɗin da na kashe yi min ciwo. Kuma duk abin da na yi don in cece su ƙara lalata lamarin ya yi, na ƙara abinci wai ko yunwa ce, na cire soson filta na wanke shi fes a bakin famfo, na zubar da ruwan duka na zuba sabo.

Wanda ya fara buɗe min ido wani kawuna ne mai kiwon tarwada a bayan gari, bai taɓa ajiye kifin ado ba a rayuwarsa. Ya zo gidan, ya leƙa tankin, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya shinshina, ya ce "ɗan nan, fitsarinsu ne ke kashe su." Na ce "Kawu ai ruwan garau yake." Ya ce garau ɗin ido ne. Su masu tarwada maganinsu ɗaya ne, su buɗe bututu su zubar da ruwa su cika sabo bayan 'yan kwanaki, amma kai da ka kulle lita 80 a cikin gilashi kana so ya yi wata da watanni, dole akwai abin da zai riƙa cinye dattin a ciki.

Daga nan na shiga karatu, kuma abin da na fahimta shi ne: kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ma ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa da yake numfashi da shi take fita, ga kuma ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasa. Amoniya guba ce, kuma gubarta ƙaruwa take idan ruwa ya yi zafi ko pH ɗinsa ya hau, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ƙaramar lamba ke nufin tsami babba kuma kanwa-kanwa, daga pH 7 zuwa 8 kawai ɓangaren da ke kisa yana ninkawa kusan sau 10, kun ga mu da muke cikin zafi abin ya fi shafarmu. A tsohon tanki akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne jikin soso da tsakuwa, rukuni na farko su mayar da amoniya ta koma nitirait, wadda ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa za ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska na aiki. Rukuni na biyu kuma su mayar da nitirait ta koma nitiret, sunayen sun yi kama amma wannan ta ƙarshe da sauƙi sosai, ita ce kake ragewa idan ka canza wani ɓangare na ruwa duk mako. Sabon tanki ba shi da ko ɗaya daga cikin rukunan nan biyu. Za su zo da kansu, amma hayayyafarsu a hankali take, sai su kwashe kusan yini guda kafin su ninka sau ɗaya, shi ya sa ake cewa a jira mako 4 zuwa 6. Ita kuwa hazon madarar da na gani rana ta 3, wasu bakteriya ne daban masu cin ruɓaɓɓen abu, su cikin mintoci suke ninkawa, ba ruwansu da gyara amoniya.

Da na yi wa uwargida wannan bayanin sai ta ce "au, kindirmo kenan." Kuma gaskiyarta ne. Bafulatana ba ta barin madara ta yi tsami yadda ta ga dama, ragowar tsohon nono take ɗan zubawa a cikin sabuwar madara ta rufe ƙwarya, da safe ya kama. Kwalbar bakteriya ita ce wannan ɗan tsohon nonon. Kuma a nan ne muke samun matsala da ita, domin mu da mun ji bakteriya sai mu ce ƙwayoyin cuta, da mun ga kwalba kuma sai mu ɗauka magani ne irin wanda ake ajiyewa a kanta shekara biyu. Abu ne mai rai. Yana mutuwa da zafi mai tsanani, yana mutuwa idan ya daskare, yana raguwa idan ya daɗe, kuma bayan ka zuba shi yana bukatar abinci da iska kamar kifin kansa.

Akwai wani ɗan tarihi da ya kamata mai saye ya sani don ya gane me ya sa kwalabe suka bambanta. Tun wajajen 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya gano Nitrosomonas da Nitrobacter a cikin ƙasa, to sai aka daɗe ana ɗauka su ne ke aiki a tankin kifi ma, kamfanoni suka riƙa cika kwalabe da su. Sai a 1998 wani mai bincike a Amurka, Timothy Hovanec, da abokan aikinsa suka nuna cewa a tankin ruwan daɗi ba Nitrobacter ce ke cinye nitirait ba, Nitrospira ce. Daga aikinsa aka fitar da wata kwalba mai suna Bio-Spira, ita ce asalin Tetra SafeStart da ake sayarwa yanzu, shi kuma daga baya ya buɗe nasa kamfanin, DrTim's Aquatics, yana yin One and Only. Wato ba kowace kwalba da aka rubuta bakteriya a jiki ba ce abu ɗaya. Wasu ainihin masu cin amoniya da nitirait ne a ciki, su kuma ba sa rikiɗa su koma kamar busasshen iri da zai jure wahala, shi ya sa suke da laushin rai. Wasu kuma masu cin dattin ƙasan tanki ne, suna da amfaninsu amma ba shi kake nema a sabon tanki ba.

Abin da na fara saye a zagaye na biyu ba kwalba ba ce, kayan gwajin ruwa ne, irin na ɗigo na kamfanin API mai ƙananan kwalaben gilashi guda 4. Dan Allah duk wanda zai karanta wannan ya tsaya a nan ya ji ni, idan kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin kwalbar bakteriya da kayan gwaji, sayi kayan gwaji. Ba tare da shi ba ba yadda za ka san ko kwalbarka na da rai ko ruwan banza ka zuba, kuma hanyar da za ta rage maka ka sani ita ce gawar kifi. Aikinsa ba wuya, ka ɗebi ruwa mil 5, ka ɗiga, ka girgiza, ka jira minti 5. Amoniya idan babu ruwan ɗorawa ne, idan akwai ya koma kore. Nitirait idan babu shuɗi ne mai haske kamar sararin sama, idan akwai ya koma shunayya. Nitiret kuma daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro zuwa ja, ita ce mai ɗan wahala don kwalbarta ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, bayan ka ɗiga ka sake girgiza gaurayen minti ɗaya, in ba haka ba sai ta nuna maka babu alhali akwai.

Kifaye ukun da suka tsira na kai su gidan wani abokina mai tsohon tanki, na wanke nawa na fara daga farko ba kifi a ciki. Lokacin an shiga damina, watan Agusta, ruwan yana tsakanin digiri 27 da 28, wanda daidai ne da abin da bakteriyar ke so. Wani ɗan'uwana zai dawo daga Amurka na roƙe shi ya taho min da One and Only ƙaramar, mai mil 60, wadda a jikinta aka rubuta ta isa galan 30, wajen lita 113 kenan, ta ishe ni har da rara. Na zaɓi ƙaramar da gangan don ta shiga jakar hannu a jirgi tunda ba ta kai mil 100 ba, kada ta je ta kwana a kaya cikin rana. Ya haɗo min da 'yar kwalbar amoniya ta kamfanin da ake ɗigawa a matsayin abincin bakteriyar. Daga hannunsa sai firij, ba firiza ba, washegari na fara.

Na cika tanki da ruwan bohol ɗinmu, na gwada shi tukuna don wani bohol ɗin da kansa yana zuwa da nitiret ko amoniya, nawa ya fito lafiya. Na kunna famfon iska, na girgiza kwalbar sosai don abin yana kwantawa a ƙasa, na juye ta duka a kan soson filta, ruwan ya ɗan yi duhu-duhu na wasu awanni. Na ɗiga amoniya har gwaji ya nuna 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita, na rufe fitila na bar shi. Na ɗauko littafin rubutu na yara na riƙa rubutawa kullum bayan isha'i.

Rana ta farko da ta biyu kore shar, ba abin da ya motsa, har zuciyata ta fara cewa an kuma. Rana ta 3 koren ya fara yin haske, kwalbar nitirait kuma da ta saba zama shuɗiya ta ɗan juya. Ban taɓa jin daɗin ganin guba a ruwa kamar ranar ba, domin alama ce rukunin farko sun farka suna ci. Rana ta 5 amoniya ta kusa ƙarewa, nitirait ta yi shunayya sosai, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, a irin ma'aunin nan 1 ppm na amoniya yana komawa wajen 2.7 na nitirait, to ka ga 2 ɗina ta kai sama da 5. A nan mutane da yawa ke kuskure su ci gaba da ɗura amoniya kullum wai kada bakteriya su ji yunwa, nitirait ta yi ta hawa har aikin ya tsaya cak. Ni na bari, na canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na jira.

Sai rana ta 6 aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana biyu. Wannan shi ne abin da ba za ka gani a rubuce jikin kowace kwalba ba, domin inda ake yin su ba su san wannan damuwar ba. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke aiki, kuma suna ci da yawa, idan famfo ya tsaya ruwa ya daina ratsa soso to aiki ya tsaya, idan abin ya daɗe ma a cikin rufaffen filta sai su fara mutuwa. Daren farko da kofi na riƙa ɗibar ruwan ina kwararawa daga sama duk bayan awa ɗaya ko biyu, da gari ya waye na nemo ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, irin wanda ake caji da wayar USB, na jona shi da fawa bank. Shi ya cece ni. Duk da haka kwana ukun nan lambobin ba su motsa ba, nitirait na nan shunayya kamar an kafe ta. Rana ta 9 ta fara sauka, nitiret ta fito ruwan goro. Rana ta 11 na wayi gari amoniya ruwan ɗorawa, nitirait shuɗiya. Na sake ɗiga amoniya don in tabbatar, bayan awa 24 duka biyun suka koma babu. Rana ta 12 kenan, kuma ina da yaƙinin da ba a ɗauke wutar nan ba da bai kai haka ba.

Na canza rabin ruwa, na je na ɗauko kifayena 3, bayan mako na ƙara 4, bayan wani makon na ƙara 4. Har yau da nake rubutun nan ko ɗaya bai mutu ba, gufin ma sun haihu sau biyu.

Don kada ya zama na yabi kwalba a kan abin da da ma zai faru, a ranar da na fara ɗin na kuma cika wani babban bokitin roba da ruwa ɗaya, sabon soso iri ɗaya, iska daga famfo ɗaya, amoniya 2 ppm, amma ban zuba masa komai ba. Shi sai rana ta 13 nitirait ta fara leƙowa, bai gama ba sai a mako na 5. Wannan gwajin falo ne ba na ɗakin bincike ba, sau ɗaya na yi, amma ni ya ishe ni hujja, kwana 12 da kwana 35 ba ɗaya ba ne. Saboda haka idan aka tambaye ni kwalbar bakteriya tana aiki? amsata eh tana aiki, idan ta iso hannunka da rai. Idan kuma aka ce min tana sa a zuba kifi 14 a sabon tanki rana ɗaya a kwana lafiya, wannan ban yarda ba, kuma ba zan bari wani nawa ya gwada ba. Kamfanonin da kansu da suke cewa za ka iya sa kifi nan take, 'yan kaɗan suke nufi, da abinci kaɗan, kana gwada ruwa.

Sauran kwalaben da ake ji, Seachem Stability tana cikin waɗanda aka fi sani, kamfanin ya ce bakteriyarta a barce suke kamar busasshen iri shi ya sa take jure zafi da daɗewa, kuma ba sau ɗaya ake zubawa ba, murfi ɗaya wato mil 5 ga kowace lita 40 ranar farko, sannan murfi ɗaya ga lita 80 kullum har kwana 7. Masu kiwon kifin ado sun rabu a kanta, wasu sun rantse da ita wasu sun fi son irin su SafeStart da One and Only, amma maganar jure zafin nan ba ƙaramin abu ba ce ga wanda kayansa zai taso daga Legas a bayan mota. Fritz TurboStart 700 kuwa an san ta da ƙarfi da sauri, sai dai dole ta zauna a sanyi tun daga kamfani har gidanka, ka ga wannan sharaɗin a wurinmu da wuya a cika shi, ɗan'uwanta FritzZyme 7 shi ba ya bukatar firij. Kowacce za ka saya, juya kwalbar ka nemi kwanan wata, ka tambayi mai shago yaushe ta zo kuma ina take kwana, idan ka buɗe ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ka mayar masa. Kuma idan da hali ka saya da damina ko farkon hunturu, ka guji Maris zuwa Mayu.

Ko kwalbar ta zo da ranta, a gida ma ana kashe ta, kuma na ga hanyoyi da yawa. Ruwan famfo na gwamnati ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin ba ta bambance na kirki da na banza, to dole a sa maganin cire kulorin kafin a zuba bakteriya, irin su Seachem Prime mil 5 ke isar lita 200. Ruwan 'yan ga-ruwa ma tunda ba ka san daga ina aka ɗebo ba, ɗauke shi kamar na famfo. Soso kuma har abada kada a wanke shi a bakin famfo kamar yadda na yi, a matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga tankin, launin ƙasa-ƙasan nan da ke jikinsa shi ne dukiyar. Sannan magunguna, ga al'adar nan ta da kifi ya yi laushi sai a fasa kafso na kashe ƙwayoyin cuta a zuba, ko shuɗin maganin nan da ake ɗiga wa kifi a ruwa, to duk wahalar da ka sha ta mako biyu za ka iya rushe ta a dare ɗaya. Kifi mara lafiya a bokiti daban ake yi masa magani. Idan nitirait ce ta hau da kifi a ciki, canza ruwa da ɗan gishiri ya fi, gishirin yana tare ta kada ta shiga jini, masu tarwada sun daɗe da sanin wannan.

Akwai kuma wani abu da ya faru da maƙwabcina da ya ɗaure mana kai. Shi don tsabta da ruwan sama da fiya wata ya cika nasa, kwalba mai kyau, iska na aiki, amma bayan mako guda komai ya tsaya. Da muka gwada pH ya faɗi ƙasa warwas. Ashe aikin bakteriyar nan da kansa yana sa ruwa tsami, kuma suna cinye sinadarin kabonet da ke tare tsamin, ruwan sama kuma ba shi da shi sosai, idan pH ya gangaro wajen 6 sai su yi sanyi. Wani ya ba shi shawara ya jefa kanwa, na hana, domin kanwa za ta harba pH sama lokaci ɗaya kuma ba ka san ƙarfinta ba, da amoniya a ruwa ka ga ka ninka gubar kenan. Muka je wurin masu haɗa abincin kaji muka sayo dakakken ɓawon kodin ruwa da suke sa wa kaji masu ƙwai, muka wanke muka ɗaure kamar cikin hannu ɗaya a tsumma muka sa kusa da soso, yana narkewa a hankali, cikin kwana 4 aiki ya ci gaba. Da hunturu kuma sai an yi haƙuri, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 komai yana tafiya a hankali, ba wai kwalbar ce ta mutu ba.

Maganar kuɗi, tana da tsada gaskiya, ƙaramar kwalbar nan idan ka juya dala zuwa naira ta fi kuɗin kifayen da na fara sa wa. Amma ni da na ga yadda suke haki a saman ruwa kwana da kwanaki saboda rashin sanina, dabbar da na kulle da hannuna haƙƙinta na wuyana, ban ga tsadarta ba. Sai dai akwai abin da ya fi ta kuma kyauta ne. Da ƙanwata ta haɗa nata ƙaramin tankin ba mu sayi komai ba, rabin tsohon sosona na yanka na sa a leda da ruwan tanki na kai mata cikin minti 20, cikin kwana 5 gwaji ya nuna babu amoniya babu nitirait. Dalili kuwa tsohon soso gari ne guda, ba iri biyu ko uku ba. A 2015 ma masu bincike a Holan sun gano wata Nitrospira a filtar wurin kiwon kifi da ke yin aikin duka ita kaɗai, daga amoniya har nitiret, irin waɗannan duk suna iya zama a tsohon soso. Sharaɗin kawai ka tabbatar tankin da za ka ɗebo lafiyayye ne, don cutar farin ɗigo da ke fitowa a jikin kifi da ƙwan dodon koɗi ma ta nan suke bi su shigo. Wanda ba shi da aboki mai tsohon tanki, ko bai yarda da lafiyar kifin abokin ba, ko tankinsa babba ne, shi ne na ce ya sayi kwalba, kuma zan sake saye idan na tashi haɗa babban da nake tari dominsa.

Yanzu soso biyu nake ajiyewa a tankina kullum, ɗaya nawa ɗaya na duk wanda zai fara. Na yanzu ya yi mako 6 a ciki, na wani malamin makarantar su yarana ne, na ce masa ya cika tankinsa tun ranar Alhamis ya kunna iska, ya sayi famfon batir kafin ya sayi kifi, ranar Asabar ya zo da bokiti mai murfi ya ɗauka, kayan gwajin ma zan ara masa na mako biyu.